Kwali Kaɗai Ba Ya Ba Da Aiki: Haƙƙin 'Ya'yanmu A Kan Ma'aikatan Jami'a

 

'Yan uwa mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya ce da ba ta ƙarewa a bakinmu, a gidan suna ne ko a gidan biki ko bayan an tashi daga ajin matan aure: "Wance fa ta gama digiri, ta yi hidimar ƙasa, yau shekara uku ke nan tana zaune a gida, wai me ya faru?" Amsar da muka saba bayarwa biyu ce: ko mu ce babu aiki a ƙasa, ko mu ce ba ta da wani babba da zai tsaya mata. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. To amma akwai dalili na uku da ba mu cika faɗa ba. A cikin kowace babbar makaranta akwai mutanen da aka ɗauka aiki, ake biyan su albashi, don su shirya ɗalibi ya fita ya iya aiki ko ya riƙe sana'a. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu mata sukan yi shekara huɗu ko biyar a makaranta, daga aji sai ɗakin kwana, daga ɗakin kwana sai aji, har su gama ba su taɓa ƙwanƙwasa ƙofar ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Abin da ya sauya a ƙasar Daura

A da, yarinyar da ta gama sakandare a Daura ko Zango ko Baure, in tana son jami'a sai dai a kai ta Zariya ko Kano ko Sakkwato, kuma iyaye da yawa nisan ne ya sa suka ce a haƙura. Sannu a hankali karatun ya matso. An buɗe Jami'ar Al-Qalam a Katsina a 2005, aka kafa jami'ar jiha a 2006, wadda yanzu ake kira Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka kafa ta tarayya a Dutsin-Ma a 2011. A nan cikin Daura kuwa, bayan Kwalejin Yusuf Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya ta Sani Zangon Daura, an samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019. A watan Disambar wannan shekara ne kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, aka sa hannu a dokar kafa ta a 2023. Ita wannan jami'a an yi ta ne don ta fitar da injiniyoyi da masu tafiyar da harkar sufuri, musamman na jirgin ƙasa.

Kin ga ke nan uzurin nisa ya ragu ƙwarai. Ɗiyar Sandamu ko Mai'aduwa tana iya karatu mai zurfi ba tare da ta yi nisa da gida ba. Abin da ya rage shi ne mu san yadda za a ci moriyar makarantun, domin gini da allo ba su ne ke sa a ɗauki mutum aiki ba. Bari mu bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da ke hannun kowa.

1. Kodinetan aji da jami'in jarrabawa

Kowane aji a kowane sashe yana da malamin da aka ɗora wa kula da shi. Shi ke sa hannu a takardar rajistar darussa, shi ya san darasin da yake wajibi da wanda yake na zaɓi, shi ya san wanda in ba a ci ba ba za a bari a ɗauki na gabansa ba. Jami'in jarrabawa kuma shi ke tattara sakamako. Sau da yawa za ki ji yarinya ta kai shekarar ƙarshe, ana shirin walima a gida, sai a ce akwai wani darasi na aji biyu da ba a ga sakamakonsa ba, ko ba ta yi masa rajista ba sam. Shi ke nan an ƙara mata shekara. Maganin wannan ba shi da wuya: duk ƙarshen zango ta duba sakamakonta darasi bayan darasi, in ta ga giɓi ta kai ƙorafi a rubuce nan take, ta kuma adana kwafin kowace takardar rajista da rasit a jaka guda.

Ƙarin shekara ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wadda ta yi aure ta haihu sannan ta koma karatu. Dokar hukumar NYSC ita ce wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ga kuma yajin aiki da kan ci lokaci, kamar na ƙungiyar ASUU na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ba a hannunmu yake ba mun bar wa Allah, amma wanda sakaci ke jawowa ai da sauran magana.

2. Ofishin magatakarda da ofishin harkokin ɗalibai

Waɗannan ba sa shiga aji, shi ya sa ɗalibai ba sa ɗaukar su da muhimmanci, alhali takardun mutum duk a hannunsu suke. Su ke riƙe da fayil, su ke fitar da takardar sakamako ta dukan shekaru, su ke aika wa NYSC jerin sunayen da majalisar malaman jami'a ta amince sun gama. Wadda sunanta bai fito a wannan jeri ba, ko ya fito da kuskure, to sai dai ta ga ƙawayenta sun tafi sun bar ta.

A nan akwai matsaloli biyu da suka fi cin 'ya'yanmu. Ta farko ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa. A takardar WAEC ko NECO an rubuta A'ishatu, a ta JAMB an rubuta Aisha, a katin ɗan ƙasa an ƙara Daura ko Zango a ƙarshe, a makaranta kuma bayan aure an sa sunan miji. Mu a gida mun san mutum ɗaya ce, amma kwamfuta ba ta san wannan ba. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, saboda haka sunan da ke kan katin nan shi ne tushe. Ki zaunar da ɗiyarki, ku baje takardun a kan tabarma, ku karanta harafi bayan harafi. Kuma ta riƙe sunan mahaifinta a ko'ina ko bayan aure, wanda dama shi ne koyarwar addini, ga shi kuma yana raba mutum da yawon kotu da na jarida.

Ta biyu ita ce gurbin karatun da bai bi ta JAMB ba. Tun 2017 hukumar ta kafa tsarin CAPS, wanda ta nan ne kawai ake tabbatar da cewa an ɗauki ɗalibi bisa ƙa'ida. In wani ya ce miki ya samo wa ɗiyarki gurbi ta bayan fage, tambayi takardar shaidar ɗauka ta JAMB mai ɗauke da sunan makarantar da sunan fannin da take karantawa. In babu, a je ofishin ɗaukar ɗalibai tun tana aji ɗaya. Tun ran gini, tun ran zane.

3. Jami'in SIWES da mai kula da gwajin koyarwa

Wannan shi ne wurin da ya fi dacewa mu tsaya. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, ita ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, saboda masu masana'antu sun yi ta kukan cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun san karatu amma hannunsu bai san aiki ba. A ƙarƙashin shirin, ɗaliban kimiyya da injiniyanci da aikin gona da makamantansu sukan bar aji su tafi wata ma'aikata su yi aiki na wasu watanni, galibi wata shida ga 'yan jami'a, wata huɗu ga masu ƙaramar difloma. Ana ba ɗaliba littafi ta riƙa rubuta abin da ta yi kullum, shugabanta a wurin aikin ya sa hannu duk mako, makaranta kuma ta turo malami ya zo ya gan ta da idonsa. Masu karatun malanta su ma suna da nasu, wato gwajin koyarwa da ake kira TP.

To ya muke yi da wannan dama? Gaskiya ɗaci gare ta. Sai a nemo wani kawu ko abokin baba a sakatariyar ƙaramar hukuma, a ce ya karɓe ta a takarda, ta zauna gida, ƙarshen wata ta kai littafi a buga hatimi. Uwa tana murna ɗiya ta huta, miji yana murna ba a fita ba. Abin da aka cika littafin da shi kuwa shaidar zur ce, wanda ya rubuta da wanda ya sa hannu duk sun sani. Bayan wannan kuma an yi asarar watanni shidan da su kaɗai ne a duk tsawon karatun za ta taɓa injin gaske, ta ga yadda ake rubuta rahoto, ta saba da zuwa aiki ƙarfe takwas, wani babba a fannin ya san fuskarta da ƙwazonta. Ranar da za a zauna tantance masu neman aiki, tambayar farko bayan an duba kwali ita ce: me kika taɓa yi da hannunki?

Aikin jami'in SIWES ne ya ba da wasiƙar gabatarwa, ya nuna wuraren da suka dace da fannin, ya tabbatar an je duba ɗalibai. Haƙƙin ɗaliba ne ta same shi tun zango guda kafin lokacin, ta ce: "Malam, ga fannina, ga garin da zan iya zama, ina ne zan koyi aiki na gaske?" Wuraren kuwa akwai su. Mai karatun gwaje-gwaje ko kwamfuta tana da asibitoci da bankuna da hukumar ruwa. Mai karatun gona tana da ayyukan noman rani irin na madatsar ruwa ta Sabke. Mai karatun sufuri ta sani cewa a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, an kuma buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. Irin waɗannan wurare ba direba da makanike kaɗai suke buƙata ba, suna buƙatar mai lissafi da mai tsara jigila da mai kula da rumbun kaya. In wurin da ya dace yana Katsina ko Kano, a nemi gidan 'yan uwa ta zauna, kamar yadda ake yi in za a je jinya ko biki.

4. Masu kula da ɗakin gwaji, laburare da cibiyar kwamfuta

Malami yakan yi bayani a allo ya wuce, amma mai kula da ɗakin gwaji shi ya san yadda ake kunna na'ura da yadda ake karanta abin da ta nuna. A lokacin aikin rukuni, abin da aka saba gani shi ne maza su kama kayan aiki, mata su koma gefe da biro suna rubuta sakamako. Ki ce wa ɗiyarki ta miƙa hannu ita ma. Ma'aikacin laburare kuma zai nuna mata yadda ake nemo littattafai da mujallun ilimi a intanet kyauta. Sannan kada ta yarda ta fita makaranta ba ta iya buga takarda da tsara lissafi a kwamfuta da aika saƙon imel ba, domin neman aikin gwamnati da na kamfani yanzu ta intanet ake cike shi, jarrabawar ma sau da yawa a kwamfuta ake yi. Iya latsa waya daban, iya aiki da kwamfuta daban.

5. Malamin da ke duba kundin bincike

A shekarar ƙarshe ana haɗa kowane ɗalibi da malamin da zai duba binciken da zai rubuta. Wannan malami shi ne zai fi kowa sanin ɗiyarki a makarantar, kuma shi ne za a nema ya rubuta mata takardar shaida in za ta nemi aiki ko tallafin karatu ko digiri na biyu. Wadda ta je shagon kwamfuta ta sayi kundin da aka riga aka rubuta, aka sauya suna da shekara, me malamin zai ce a kanta? Ga shi kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa sai an shigar da kundin ɗalibi a wata taskar adana ayyukan ilimi ta ƙasa mai suna NERD kafin a tura shi hidimar ƙasa, wato ƙofar kwafe tana ƙara ƙunci.

Abin da ya fi shi ne ta nemi malamin ya taimaka mata ta zaɓi matsalar da ke gabanmu. Yadda kaya ke shiga da fita ta kan iyakar Kwangwalam, ko yadda matan da ke sarrafa gyaɗa da riɗi ke kai kayansu kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, ko dalilin da ke sa mata masu ciki a ƙauyukan Baure ba sa zuwa awo, ko yadda ake koyar da lissafi a makarantun da suka haɗa boko da Islamiyya. Wadda ta shiga ƙauye ta yi tambayoyi, ta tattara alƙaluma, ta rubuta da kanta, ta riga ta koyi irin aikin da hukumomin lafiya da ƙungiyoyin raya karkara ke ɗaukar mutane su yi. Ta kuma tambayi malamin wace hukuma ce ke ba da lasisin fanninta: malanta sai da rajistar TRCN, injiniya yana da COREN, akanta yana da ICAN ko ANAN, ma'aikatan jinya da ungozoma suna da tasu majalisar. Wadda ta yi digirin da ba na malanta ba kuma tana son koyarwa, akwai diflomar PGDE.

6. Cibiyar koyar da sana'a da ofishin ba da shawara

Tun wajen 2007 hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta wajabta wa kowane ɗalibi darasin dogaro da kai, jami'o'i suka buɗe cibiyoyin koyar da sana'a. A 2012 NYSC ta kawo shirin SAED na koyar da masu hidimar ƙasa sana'o'i. A 2024 kuma asusun TETFund ya sa kafa cibiyoyin ba da shawara kan aiki a cikin abubuwan da yake ba manyan makarantu kuɗi dominsu. A irin wannan ofis ne ake koya wa ɗalibi rubuta takardar tarihin karatu da aiki, wato CV, da yadda ake amsa tambayoyi a gaban masu ɗaukar aiki. Mu matan Hausa ba baƙin sana'a ba ne, kusan kowane gida akwai mai ƙuli ko ɗinki ko turaren wuta ko kiwo. Abin da cibiyar za ta ƙara wa ɗiyarki shi ne fitar da farashi, raba uwar kuɗi da riba, rajistar suna a hukumar CAC, da neman lambar NAFDAC in abin ci ne ko na shafawa. Da wannan ne sana'ar cikin gida ke zama abin da zai ɗauki wasu aiki.

Kunya da iyaka

Na san abin da ke ran wasu iyaye: yawancin waɗannan ma'aikata maza ne, kuma ana jin labarai. Tsoron yana da tushe, domin ko a 2019 sashen binciken BBC ya fallasa wasu malamai a Legas da Ghana masu neman ɗalibai mata da lalata. Amma maganin ɓarawo ba shi ne a daina zuwa kasuwa ba. Ta je ofis a lokacin aiki, da shigarta ta mutunci, tare da ƙawarta, ta faɗi abin da ya kawo ta a taƙaice, ta fito. Ba haɗuwa a wajen makaranta, ba hirar waya da dare. In akwai mace a ofishin ta fara da ita. In wani ya nemi wuce iyaka, kada ta share saƙonninsa, ta gaya wa iyayenta ko mijinta, a kai ƙara ga shugaban sashe ko shugaban harkokin ɗalibai a rubuce. Kunya ado ce, amma ba ta hana neman haƙƙi ba, kuma matan Sahabbai ba su bar tambaya saboda kunya ba.

Kira ga malamai da ma'aikata

A cikin masu karanta wannan mujalla akwai malaman jami'a da ma'aikatan ofis, akwai kuma matansu da iyayensu. Mun san ɗalibai sun yi yawa, kayan aiki sun yi kaɗan, albashi ba ya kai wata. Duk da haka amana amana ce. Fayil ɗin da aka bari a ƙarƙashin tebur wata uku, rayuwar wata ce aka tsayar. Ziyarar SIWES da aka sa hannu an yi alhali ba a je ba, ita ke koya wa ɗalibai cewa ƙarya ma hanya ce. Sabon tsarin manhaja na CCMAS da NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, saboda haka malamai suna da damar sa abin da ya dace da kasuwanni da gonaki da iyakokinmu. Malamai mata kuma, don Allah ku riƙa jawo 'yan matan nan a jiki. Kalma ɗaya daga bakin wadda ta riga ta bi hanyar ta fi lacca goma.

Tambayoyin da uwa ko miji za su riƙa yi

Ba sai kin yi boko za ki iya bibiyar karatun ɗiyarki ba. Duk hutu, bayan an gaisa an ci abinci, ki tambaye ta:

1. Wane ne kodinetan ajinku, kuma yaushe rabonki da ganin sakamakonki gaba ɗaya?
2. Sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a duk takardunki?
3. A ina za ki yi SIWES ko TP, kuma me za ki koya a wurin?
4. Me kika iya yi da hannunki bana wanda bara ba ki iya ba?
5. Wane malami ko malama ce za ta iya ba da shaidar ƙwazonki in an tambaya?

In ta amsa biyar ɗin nan ba tare da inda-inda ba, to alhamdu lillahi ana kan hanya. In ta yi shiru a kan wata, kin san ƙofar da za ta fara ƙwanƙwasawa ranar da aka koma. Ina roƙon shugabannin rassa su karanta waɗannan tambayoyi a taron wata, domin a isar wa waɗanda ba su samu mujallar ba.

Arziki na Allah ne, Shi ke bayarwa ga wanda Ya so a lokacin da Ya so, mu dai an umarce mu da riƙo da sababi. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da abin yi na halal, Ya haɗa su da malamai masu tsoronSa, Ya tsare mana mutuncinsu a duk inda suka shiga. Amin summa amin.